Me ya sa shafin intanet ke ƙin kalmar sirrina? Amsoshin tambayoyinku

Saƙonnin wannan mako kusan duk kuka ɗaya suke yi: shafi ya ce a sa babban baƙi, a sa lamba, a sa alama, mutum ya sa, washegari ya manta abin da ya rubuta. Ga waɗanda muka tsinta daga ciki.

Tambaya: Na je buɗe asusu a wani shafin neman aiki. Na rubuta kalmar sirri, aka ce sai da babban baƙi. Na sa, aka ce sai da lamba, sannan aka ce sai da alama. Da na gaji sai na rubuta sunan garinmu da @123, nan take aka karɓa. Wannan wahalar tana da wani amfani kuwa? (Wani mai karatu daga Gusau)

Amsa: Malam, haushinka yana kan hanya, domin abin da shafin ya karɓa a ƙarshe yana cikin mafi sauƙin fasawa.

Asalin waɗannan dokoki daga Amurka ne. A 2003 wani ma'aikacin hukumar NIST, mai tsara ƙa'idojin fasaha a can, mai suna Bill Burr, ya rubuta wata 'yar takarda da ta ƙarfafa a riƙa gauraya manyan baƙaƙe da ƙanana da lambobi da alamomi. Kamfanoni suka kwafa, duniya ta bi. A 2017 shi kansa ya gaya wa jaridar Wall Street Journal cewa ya yi nadamar yawancin abin da ya rubuta, kuma a shekarar ce hukumar ta sauya shawara: a daina tilasta wa mutane gauraye-gaurayen nan, a ba tsawo muhimmanci, a kuma duba ko kalmar da mutum ya zaɓa tana cikin waɗanda suka taɓa fallasa. A bugun 2025 ta ce idan kalmar sirri ce kaɗai ke tsare asusu, kada ta gaza haruffa 15. Shafuka da yawa har yau suna kan tsohon karatu, don masu gina su ba su waiwayi dokar ba.

Sai ka san yadda ake fasa kalmar sirri kafin ka ga inda dokar ta gaza. Shafin kirki ba ya ajiye kalmarka yadda ka rubuta ta. Yana niƙa ta ne da wani lissafi da ake kira hash, kamar gero da aka kai inji: gari ba ya komawa tsaba. Duk lokacin da ka zo shiga, sai ya sake niƙa abin da ka rubuta, ya gwada da wanda ke ajiye. Idan masu kutse suka sace rumbun shafin, garin suke samu, sai su zauna da kwamfutarsu suna niƙa kalmomi ɗaya bayan ɗaya har su dace. Idan shafin ya yi amfani da tsohon lissafi irin MD5 ko SHA-1, katin hoto ɗaya na kwamfutar wasanni, wato na'urar cikinta mai sarrafa hotuna, yana gwada biliyoyi a daƙiƙa guda.

Mu ɗauka ana gwada biliyan 10 a daƙiƙa. Ƙananan baƙaƙe 8 suna da haɗi kusan biliyan 209, a ƙare su cikin daƙiƙa 21. Haruffa 8 da aka gauraya daga dukkan alamomi 95 na madannai za su ci kamar kwana 8. Ƙananan baƙaƙe zalla guda 15, ba lamba ba alama, za su ci sama da shekara 5,000. Tsawo ya fi ado nesa ba kusa ba.

Amma wannan lissafi yana aiki ne idan an zaɓi haruffan ba bisa wani tsari ba, mu kuwa 'yan Adam ba haka muke zaɓe ba. Aka ce babban baƙi, sai mu sa shi a farko. Aka ce lamba, sai 123 ko shekarar haihuwa a ƙarshe. Aka ce alama, sai @ ko !. Masu kutse sun haddace wannan tun 2009, lokacin da aka sace kalmomin sirri miliyan 32 a fili daga kamfanin RockYou, inda 123456 ta zo ta ɗaya. Manhajojinsu da sunayen garuruwa da na mutane da na kulob-kulob ɗin ƙwallo suke farawa, su ɗaga harafin farko, su liƙa lambobi a wutsiya, su musanya a da @.

Abin yi shi ne ka zaɓi kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna ko da kai, ka jera su, sannan ka biya wa shafin bukatarsa da araha. Misali: Tulu-gyale-7-kwalta-hazo. Haruffa 24 ke nan, da babban baƙi da lamba da alama, kuma bakinka zai iya riƙe ta. Kada ka ɗauki wannan misalin, ya riga ya zama na kowa. Kada kuma ka ɗauki karin magana ko aya ko baitin waƙa, domin duk abin da aka taɓa rubutawa a intanet yana iya shiga jerin gwaji. Buɗe littafi a shafuka daban-daban ka ɗora yatsa ido rufe ya fi abin da ƙwaƙwalwa za ta kawo maka da kanta.

Tambaya: A ofishinmu kowane wata uku sai kwamfuta ta tilasta mana canza kalmar sirri. Ni dai lambar ƙarshe kawai nake canzawa. Laifi ne? (Wata ma'aikaciya daga Kaduna)

Amsa: Hajiya, kusan kowa haka yake yi, shi ya sa ma masana suka dawo daga rakiyar wannan doka. Wanda ya samu tsohuwar kalmarki mai ƙarewa da 4 ba ya bukatar boka ya gaya masa sabuwar. NIST ta ce kada a tilasta canji sai in akwai alamar an sace kalmar, Microsoft ma ya cire wannan sharaɗi daga shawarwarin tsaron Windows a 2019. Tunda dokar ofis ce, ki bi, amma ki yi amfani da jerin kalmomi irin wanda muka nuna a sama, ki riƙa canza biyu daga ciki maimakon lamba ɗaya. In kina da kunnen masu kula da kwamfutocin, ki ba su shawarar su kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri a nemi wata lamba ta biyu kafin a shiga, ta fi canjin wata uku amfani.

Tambaya: Idan na sa ƙ ko ɗ ko ɓ a kalmar sirri, ai Bature ba zai iya cankar ta ba, ko? (Wani ɗalibi daga Maraɗi)

Amsa: Tana ƙara wahalar fasawa, gaskiya ne, amma kai ne za ka fara shan wahalar. Wasu shafuka ba sa karɓar haruffan da ba na Ingilishi ba. Wasu su karɓa wajen rajista, su ƙi wajen shiga ta manhajar waya, saboda ɓangarorin biyu ba su fassara harafin iri ɗaya ba. Sannan ranar da wayarka ta lalace ka zauna gaban kwamfutar kafe da ba ta da madannan Hausa, ina za ka samo ƙ? Haka alamar ɗauri ta kalmomi irin su 'ya'ya: wata waya tana rubuta miƙaƙƙiya, wata lanƙwasasshiya, a ido kusan ɗaya ne, a wajen kwamfuta haruffa biyu ne daban. Ku a Nijar ma ƴ kuke rubutawa a inda Najeriya ke rubuta 'y.

Akwai kuma tarkon madannan Faransanci da suka yi yawa a wajenku. A kansu A da Q sun yi musayar wuri, haka Z da W, kuma lambobin layin sama ba sa fitowa sai an danne maɓallin Shift. Mutum ya saba da yatsunsa a wani tsari, ya rubuta a wani, taurari sun rufe abin da ya rubuta, sai a ce ba daidai ba. Danna 'yar alamar idon nan da ke gefen akwatin ka ga abin da kake rubutawa. Shawararmu: kalmomin Hausa, amma marasa ƙugiya, ka ƙara kalma ɗaya a tsawo.

Tambaya: Katin ATM lamba 4 kacal ke tsare shi, ga kuɗi a ciki. Me ya sa imel ke neman fiye da haka?

Amsa: Lamba 4 haɗi 10,000 ne kawai, amma ɓarawo sai ya riƙe katin a hannu, kuma in ya kuskure sau uku an toshe. Kalmar sirrin shafi kuwa, in an sace rumbun, ba mai ƙirga masa kuskure. Ka dai guji 1234, 0000 da shekarar haihuwarka.

Tambaya: Wani shafi ya ce kalmar sirri kada ta wuce haruffa 12, kuma ya hana ni kwafo ta in liƙa, sai dai in rubuta da hannu. Tsaro ne? (Wani mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Ba tsaro ba ne, ɗan'uwa. Sakamakon hash tsawonsa ɗaya ne ko kalmar gajeriya ce ko doguwa, don haka babu hujjar taƙaitawa a 12. NIST cewa ta yi a bari har aƙalla haruffa 64, a kuma bar mutane su liƙa. Yawanci tsohon tsari ne aka gada ba a gyara ba. Cika 12 ɗin da haruffan da manhajar ajiye kalmomin sirri ta zaɓa maka, kada kuma ka yi amfani da su a ko'ina. Babbar alamar haɗari ita ce ka danna "na manta" a turo maka tsohuwar kalmarka ta imel. Wannan na nufin a fili suke ajiye ta, ko a yadda za su iya buɗewa. Shafin kirki mahaɗin sake sabuwa yake turowa.

Tambaya: Ina da asusu sun fi ashirin. Na haɗa kalma ɗaya mai ƙarfi sosai, ma'aunin shafi har kore yake nunawa, ita nake sawa ko'ina. Ba shi ke nan ba? (Wata 'yar kasuwa daga Kano)

Amsa: A nan ne, Hajiya, aka fi yi wa mutane sata. Koren ma'aunin nan a shafuka da dama ƙirga nau'in haruffa kawai yake yi, bai san inda kika taɓa sa kalmar ba. Ƙaramin shafi ɗaya ya fashe, sai a ɗauki imel ɗinki da kalmar a gwada a Facebook, Gmail, Instagram da sauransu, da manhaja mai gwada dubban asusu a lokaci guda. An sace bayanan LinkedIn a 2012, sai a 2016 aka ga na mutum sama da miliyan 100 a kasuwa, shekara huɗu ke nan masu maimaita kalma ɗaya suna zaune ƙofa a buɗe.

Ba sai kin haddace ashirin ba, biyu ko uku sun isa: ta imel, ta ma'ajiyar kalmomin sirri, da lambar buɗe waya. Imel ne kan gaba, domin ta nan ake sake kalmar duk sauran. Ma'ajiya kuwa tana cikin wayarki tuni. A Android ki shiga passwords.google.com, za ki ga abin da aka ajiye, akwai kuma wurin bincike da ke nuna waɗanda suka fallasa da waɗanda kika maimaita. A iPhone akwai manhajar Passwords tun daga iOS 18. Bitwarden ma kyauta ce, tana aiki a waya da kwamfuta. Duk lokacin da za ki buɗe sabon asusu, ki karɓi kalmar da ma'ajiyar ta ba ki, ita za ta riƙa cikewa.

Ki sa adireshin imel ɗinki a haveibeenpwned.com, shafin da Troy Hunt, ɗan Ostareliya, ya buɗe a 2013. Zai lissafo miki shafukan da aka sace bayanansu har da naki, daga su za ki fara canji.

Sannan ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel da Facebook da WhatsApp. A WhatsApp tana cikin saiti, ɓangaren asusu, lamba 6 ce za ki zaɓa da kanki. Inda aka ba ki zaɓi, karɓar lambar ta manhaja irin Google Authenticator ya fi karɓarta ta saƙon tes, don ana iya sace layi, kuma layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani kan sake sayar da shi ga wani. Lambobin ko-ta-kwana da Google ke bayarwa don shiga asusu in waya ta ɓace, guda 10 ne, ki rubuta su a takarda ki adana a gida inda kike ajiye takardun fili. Idan kuma yaron kafe ne ya buɗe miki wani asusu ya zaɓa miki kalma, ki canza ta a wayarki a ranar, ki kuma duba cewa lambar waya da imel ɗin dawo da asusun naki ne, ba nasa ba.