Tambaya da Amsa: Hidimar Alhaji Umaru Mutallab Bayan Aikin Banki

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikacin banki ne a Gusau, kuma lokacin ritayata ya kusa. Ina yawan jin ana ambaton Alhaji Umaru Mutallab idan ana maganar ma'aikatan banki da suka amfani jama'arsu. Wane ne shi, kuma mene ne takamaimai ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya sa ka gama aiki lafiya. An haifi Alhaji Umaru Abdul Mutallab a 1939, mutumin Funtuwa ne ta Jihar Katsina ta yanzu, ya yi Kwalejin Barewa a Zariya, sannan ya ƙware a aikin akanta a Landan. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta naɗa shi kwamishinan tarayya na raya tattalin arziki, daga baya ya koma ma'aikatar ƙungiyoyin gama kai da samar da kayayyaki. Ya riƙe bankin UBA a matsayin manajan darakta daga 1978 zuwa 1988, ya kuma shugabanci hukumar daraktocin First Bank daga 1999 zuwa 2009.

Waɗannan duk muƙamai ne, amma a ganina babbar hidimarsa ga jama'a ita ce Bankin Jaiz. Ka fi ni sanin yawan 'yan kasuwa da manoma a Arewa da suka gwammace su ajiye kuɗinsu a gida ko a hannun amintacce saboda tsoron riba, wanda hakan ya sa babu bankin da zai ba su jari ko ya san ƙarfinsu. An fara yunƙurin kafa banki marar kuɗin ruwa a 2003 da shi a gaba, sai Babban Bankin Najeriya ya ɗaga jarin bankuna zuwa naira biliyan 25 a 2004, abin da ya jinkirta aikin shekaru masu yawa. Mutallab bai janye ba, har aka sami lasisi a 2011 duk da ce-ce-ku-cen da ya tashi a lokacin kan cewa za a musuluntar da ƙasa, aka buɗe ƙofa a Janairun 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano. Tsarin kuwa ba baƙo ba ne ga ɗan kasuwar Kantin Kwari: a murabaha banki ne ke sayen kayan ya sayar maka da ribar da kuka amince tun farko, a ijara kuma ya sayi mota ko na'ura ya ba ka haya. Musulmi da Kirista duk suna hulɗa da shi, kuma a kan hanyar da ya share ne wasu bankuna marasa kuɗin ruwa, TAJBank da Lotus, suka biyo baya.

Akwai kuma abin da ba zan tsallake ba, ko da yake yana da zafi. A Nuwamban 2009 ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya kai rahoton ɗansa na cikinsa saboda tsattsauran ra'ayin da ya ga ya shiga, makonni kaɗan kafin ɗan ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin sama mai zuwa birnin Ditiroit na Amurka. Iyaye kaɗan ne za su iya fifita rayukan mutanen da ba su sani ba har haka, kuma ina girmama shi a kan wannan.

Kai kuwa, ɗan'uwa, ba sai ka kafa banki ba. Ƙungiyoyin manoma da masu adashi da kwamitocin masallatai da na makarantun Islamiyya a unguwarku galibi suna rushewa ne saboda rashin mai riƙe littafin kuɗi da kyau. Ka zaɓi ɗaya, ka buɗe musu asusu mai sa hannun mutum biyu, ka horar da matashin da zai gaje ka, ka riƙa karanta wa mambobi lissafi a fili kowane wata.