Me ya sa irin yogot ke mutuwa a firiza

Ɗana, ka ce irin da ka ajiye a firiza, wato ɗan yogot ɗin da ake zubawa a sabuwar madara don ta yi tsami, ya ƙi kama madara, alhali kafin ya daskare lafiyarsa lau. Matso kusa, don duk mai sayar da yogot ko burkina, abin shan nan na nono da gero, a nan unguwar Nima ta Accra ya kamata ya san wannan.

Abin da ke tsamar da madara rai gare shi. Ƙwayoyin bakteriya ne iri biyu, Streptococcus thermophilus da Lactobacillus bulgaricus. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da siririyar fata ta kitse da furotin. Ta fatar nan take shan sukarin madara, ta nan kuma take fitar da tsami.

In sanyi ya shiga a hankali, ruwan da ke kewaye da ƙwayar ne ke fara zama ƙanƙara. Gishiri da sukari su taru a ɗan ruwan da ya rage, shi kuma ya dinga zuƙe ruwan cikin ƙwayar har ta motse. Kitsen fatar ya sandare kamar man kaɗe da hunturu. Da ka zo narkarwa, ruwa ya koma ciki da ƙarfi, fatar ta tsage, abin da ke ciki ya tsiyaye. Wasu su mutu, wasu su rayu da rauni. Shi ya sa madarar da kan kama cikin awa 4 zuwa 6 a zafin digiri 43 take kwana ba ta kama ba. Bulgaricus ce ta fi saurin lalacewa, ita ce kuwa mai yawancin ƙamshin, sai yogot ya fito lami.

Ɗauke wuta ya fi komai ɓarna. Firizarmu digiri 18 ƙasa da sifili take tsayawa, masu sayar da daskararren iri kuwa a 45 ƙasa da sifili suke ajiye nasu. Wuta ta tafi, iri ya fara narkewa, ta dawo ya sake daskarewa, ƙananan ƙanƙara su haɗe su zama manya. Kowane zagaye sai ya ci wasu ƙwayoyin.

In dole ne, ka dama irin da ɗan madarar gari da sukari, suna kare fatar. Ka raba shi ƙananan ƙulli, ka shimfiɗa su can ƙuryar firiza don su daskare da wuri. Ranar aiki ka narkar da ƙulli ɗaya cikin ruwan ɗumi, ka zuba nan take. Wanda ya narke kada ya koma. Ni dai na fi son ka bar iri a firij, ka sabunta shi kafin mako ya zagayo.