Tambaya da Amsa: Dokar Sayar da Giya a Ingila da Rikicin Tsakiyar Gari

Tambaya: Ɗana yana karatu a Ingila, ya ce ba ya kusantar tsakiyar gari a daren Juma'a da Asabar saboda 'yan maye. Shin gaskiya ne doka ta ba mashaya damar buɗewa dare da rana? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Dokar lasisi ta 2003, wadda ta fara aiki a Ingila da Wales a watan Nuwamban 2005, ta soke ƙayyadadden lokacin rufewa, ta kuma karɓe ikon ba da lasisi daga alƙalan majistare ta miƙa wa ƙananan hukumomi. Sai dai masu lasisin awa 24 ba su da yawa, kuma galibinsu otal-otal ne da manyan kantuna.

Kafin nan, yawancin mashaya ƙarfe 11 na dare suke daina sayarwa, taƙaitawar da ta samo asali tun Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da an kaɗa ƙararrawar sayen ƙarshe sai kowa ya yi ta kwankwaɗa cikin gaggawa, sannan a tuttuɗo kan titi lokaci guda, ana rububin tasi, ana ture-ture a layin mai gasasshen nama, kafin ka ce kwabo faɗa ya kaure. Gwamnatin Tony Blair ta yi zaton idan mashaya suka riƙa rufewa a lokuta daban-daban, taron zai watse sannu a hankali.

A ganina zaton bai cika ba, ko da yake bala'in da masu adawa suka yi hasashe shi ma bai auku ba. Bitar da gwamnati ta fitar a 2008 ta nuna cewa yawan laifuka bai sauya sosai ba, amma ya ƙaru tsakanin ƙarfe 3 na dare da 6 na safe. Wato rikicin matsawa ya yi zuwa asuba, 'yan sanda kuma suka ƙara kwanan tsaye. Shi ya sa wata doka ta 2011 ta ba ƙananan hukumomi ikon ɗora haraji a kan masu sayar da giya bayan sha biyun dare, aƙalla kashi 70 cikin 100 na kuɗin ya tafi ga 'yan sanda. Birnin Newcastle ne ya fara karɓarsa a 2013.

Saboda haka ɗanka bai yi wauta ba, musamman a titunan da mashaya suka jeru ƙofa da ƙofa.