Waƙoƙin da ke kaset ɗin yayana ba sa Spotify, ina suka shige?

Tambaya: Salam malam. Yayana ya zauna a Bronx ta birnin Niyok a shekarun 1990, ya bar mana kwali cike da kaset-kaset da ya ɗauka daga rediyo, duk rap ne, ana jin masu shirin suna hira suna dariya, wani lokaci a ce WKCR. Na nemi waƙoƙin a Spotify da YouTube ban samu rabinsu ba, Shazam ma baya gane su. Dan Allah me ya sa, kuma ya zan yi da kaset ɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Gaskiya tambayar nan ta sosa min inda ke min ƙaiƙayi, kuma tun kafin mu yi nisa ina roƙonka kar ka bari kowa ya zubar da kwalin nan ko ya ɗora wani abu a kan kaset ɗin.

In dai WKCR ka ji kuma rap ne na wancan lokacin, to kusan tabbas shirin Stretch Armstrong da Bobbito ne. WKCR tashar ɗalibai ce ta Jami'ar Columbia, a kan mita 89.9 FM, su biyun kuma sun riƙe shirin daga 1990 zuwa 1998, duk daren Alhamis daga ƙarfe 1 zuwa 5 na asuba. Stretch ɗalibi ne a jami'ar, shine mai juya faifai, Bobbito kuma a lokacin yana aiki a kamfanin fitar da waƙoƙi na Def Jam, shine mai baki. Ka duba lokacin da aka ba su fa, tsakar dare, lokacin da ba mai talla da zai so, amma wannan ɗin ne ya ba su 'yanci, ba wani manaja a kansu da zai ce ga jerin waƙoƙin da za ku sa, kuma dokar watsa shirye-shirye ta Amurka tana ɗan sassautawa da dare kan kalaman da ba a yarda da su da rana.

To abin da ya sa baka samun waƙoƙin shine da yawansu ba a taɓa buga su a matsayin waƙa ba. Yaro zai hau jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da tsakar dare ya zo ya tsaya a ƙofar tashar da kaset ɗin demo, wato gwajin waƙoƙinsa, a aljihu, in an bar shi ya shiga sai Stretch ya ɗora masa kiɗa, kiɗan wani ne ma daban, yaron ya kama makirfo ya zuba baitoci nan take, wasu ya rubuto su daga gida wasu daga ka, shikenan an wuce. Wannan shine firistayil. Nas ya zo tun kafin kundinsa na farko na 1994, Biggie ya zo, 'yan Wu-Tang sun zo, Mobb Deep, Big Pun, Eminem, duk kafin duniya ta san su sosai. Wanda aka fi magana a kai shine na Fabrairun 1995 da Big L ya zo da Jay-Z suka yi ta karɓa-karɓa kusan minti 10, lokacin Jay-Z ko kundi ɗaya bai fitar ba, sai 1996, Big L kuma aka harbe shi a Harlem a 1999. Mafi yawan irin waɗannan da ke yawo a intanet yau daga kaset ɗin masu sauraro irin yayanka suka fito, mutumin da ya hana idonsa barci ya sa yatsa kan maɓallin ɗauka, kaset mai minti 90 yana ƙarewa gefe ɗaya bayan minti 45 ya yi sauri ya juya. Shi ya sa zaka ji baiti ya yanke a tsakiya sannan ya ci gaba daga wani wuri, kuma shiri ɗaya na awa 4 sai ya ci kaset 3.

Sai kuma waɗanda aka yi su a situdiyo amma suka maƙale. Rap na wancan zamanin an gina shi ne kan yanko guntun kiɗa daga tsofaffin faya-fayan jaz da sol da fank a yi ta maimaita shi, kuma da farko ba kowa ke neman izini ba. A Disambar 1991 wata kotu a Niyok ta yanke hukunci kan Biz Markie saboda ya yanki kiɗan Gilbert O'Sullivan ba izini, har aka janye kundin daga kasuwa, daga nan kamfanoni suka tsorata. Waƙar da ke da yanke-yanke biyar sai an biya masu haƙƙi biyar, in ɗaya ya ƙi to waƙar ta mutu a hukumance, sai dai a buga ta 'yan ɗaruruwa a faifai mai farin tambari wanda ba suna ba komai a raba wa masu juya faifai, ko a canja kiɗan a fitar da wata siga wadda sau da yawa bata kai ta farko daɗi ba. Ko manya basu tsira ba, tsofaffin kundayen ƙungiyar rap ta De La Soul sai a Maris ɗin 2023 suka hau Spotify da sauransu saboda rigimar izini da kwantiragi. Wasu kuma kamfani ne ya danne kundin gaba ɗaya, kamar yadda kamfanin Elektra ya yi wa ƙungiyar rap ta KMD a 1994, ɗaya daga cikinsu shine ya dawo daga baya da sunan MF DOOM ta hannun Fondle 'Em, ɗan ƙaramin kamfanin da Bobbito ya kafa a 1995.

Shi kuma Shazam ba sauraro yake kamar mutum ba, yana kwatanta sautin ne da abin da ke rumbunsa, abin da ba a taɓa sa masa ba ba zai gane ba, in ya gane ma kiɗan da ke ƙasa zai nuna maka ba mai baitin ba. Ga shi mai juya faifai yakan ƙara wa faifan gudu, kaset ma ya ɗan saki da tsufa.

Ni a ganina kewar da mutane ke yi ba ta waƙoƙin kaɗai ba ce, ta samun mutumin da ka yarda da kunnensa ne, ya zaɓa maka abin da baka taɓa ji ba don shi yana so ba don an biya shi ba. Mr. Magic da Marley Marl sun yi haka a tashar WBLS ta Niyok, Red Alert a Kiss FM ita ma ta Niyok, Sway da King Tech a KMEL ta San Francisco, a Landan ma akwai tashoshin sata, wato marasa lasisi, da ake kafa wa eriya kan dogayen benaye. A 1996 Amurka ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasa, cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel kaɗai ya haura tasha 1,000, jerin waƙa iri ɗaya ya game gari-gari, kuma wannan ya rage wa irin waɗannan shirye-shiryen fili a manyan tashoshi sosai.

Batun kaset ɗinka kuwa, ka fara duba zaren ta 'yar tagar nan, in ka ga fari-fari kamar funfuna kar ka sa shi a rikoda, ware shi gefe. Sauran ka juya su da biro a hankali ka ji ko sun maƙale, ka duba ɗan soson nan da ke ƙarƙashin zaren yana nan, don yakan ɓalle. Ka ɓalle 'yan haƙoran da ke saman kaset ɗin don kar a danna ɗauka bisa kuskure. Nemo rikoda mai lafiya, goge ƙarfen da ke karanta zaren da auduga da sifirit, gwada da wani kaset da baka damu da shi ba, sannan ka jona waya daga rikodar zuwa kwamfuta ka ɗauka da manhajar Audacity, kyauta ce, ka adana a WAV, tsarin sautin da baya rage inganci, kafin ka yi MP3. Ka nisanta su da zafin rana da kusa da sifika.

Kuma dan Allah kar ka yanke hirar da gaishe-gaishen masu kiran waya ka bar waƙoƙi zalla, da su ake gane ranar shirin da waye ke kan makirfo. Ka ɗauki hoton rubutun da yayanka ya yi a jikin kowane kaset, in ka ɗora a shafin Mixcloud ko Internet Archive ka haɗa da shi, akwai masu tara waɗannan shirye-shiryen da ke neman dararen da ba su da su, su ma za su taya ka gano sunayen da ka kasa.