Tayoyin baya sun cinye, amma motar mai jan ƙafa huɗu ce: amsoshin tambayoyinku

Tun da damina ta faɗi, yawancin saƙonnin da ke shigowa wannan fili a kan taya suke. Na ware guda huɗu daga masu motocin gudu waɗanda injinsu ke jan ƙafa huɗu, domin su ne aka fi ruɗawa a kan maganar tayar baya.

Tambaya daga Abuja: "Assalamu alaikum Malam. Ina hawa Audi S4 ƙirar 2013. Ranar da aka yi ruwan farko ina zagaya shataletale, gudun bai kai 60 ba, ina ɗaga ƙafa daga totur sai na ji bayan motar ya fita kamar an tura shi. Wata fitila ta yi ta ƙiftawa a dashbod, sannan motar ta daidaita. Bakanikena ya ce shokozoba lafiya lau, tayoyin baya ne suka yi ƙasa, amma tunda motar ƙafa huɗu ce zan iya lallaɓawa zuwa ƙarshen shekara. Na gaba kuwa wata biyar ke nan da na sa sababbi. Me ka gani?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Alhamdu lillahi da abin ya tsaya a nan. Bakanikenka ya gano ciwon daidai, amma shawarar da ya ɗora a kai ban yarda da ita ba. Kada ka jira ƙarshen shekara, kada ma ka jira ƙarshen wata.

Jan ƙafa huɗu yana taimako ne a lokacin da ka taka totur: ƙarfin inji ya rabu gida huɗu maimakon biyu, mota ta tashi ba tare da taya ta yi ta murzawa a wuri ɗaya ba. Nan amfaninsa ya fi yawa. Idan an zo birki, kowace mota da ƙafa huɗu take kamawa, har tsohuwar motar haya. Idan an zo kwana kuwa, abin da ke riƙe da kai shi ne ɗan wurin da roba ta taɓa kwalta, wanda bai wuce faɗin tafin hannu ba a kowace ƙafa. Inji ba ya ƙara wa wannan wuri komai.

Kuma aikin tayar gaba daban, na baya daban. Ta gaba ita ke karkata mota, ta baya ita ke hana karkatar ta wuce kima. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon jahi ranar hawan sallah ya ga yadda doki ke kafa ƙafafun baya idan mahayi ya ja linzami. Da ƙafafun nan za su zame, linzamin ba zai tsinana komai ba. Idan tayar gaba ce ta rasa riƙo, mota takan miƙe ta ƙi shan kwana, kuma abin da hankalin kowane direba zai ba shi, wato rage gudu, shi ne maganin. Idan ta baya ce ta zame, bayan motar zai wulla waje, gaban ya juyo ciki, kuma ɗaga ƙafa ko danna birki da ƙarfi ƙara wa abin wuta yake yi. Shi ya sa za ka ji an ce mota ta ƙwace, an tarar da ita tana kallon inda ta fito.

Dubi abin da ya haɗu maka a shataletalen nan. Ruwan farko yana taso da ƙura da mai da suka kwanta a kan kwalta tun rani, hanya ta yi santsi. Ka ɗaga ƙafa a tsakiyar kwana, nauyin motar ya koma gaba, baya ya yi sakayau. A gaban kuma akwai sababbin tayoyi masu kama ƙasa sosai, a baya akwai waɗanda ramin zanensu bai isa ya kwashe ruwa ba. Gaba ya riƙe, baya ya saki. Babu haɗin da ya fi wannan hatsari: sabo a gaba, cinyayye a baya.

Abin da ya fi damuna da irin waɗannan motoci shi ne yadda suke rufa wa tsohuwar taya asiri. Motar da baya kaɗai ke ja, idan tayarta ta cinye, kullum za ta gaya maka: ka tashi daga danja ka ji tana murza, ka hau tudu ka ji tana ƙara. Taka S4 tana kai kashi 60 na ƙarfinta baya, 40 gaba, amma da zarar baya ya fara zamewa sai ta tura ƙarfin gaba, ta ci gaba da tafiya sumul. Direba ya ɗauka komai lafiya, ya saba da gudun da tayar ba za ta iya ɗauka ba, har ranar da kwana da ruwa suka haɗu. Fitilar da ka ga tana ƙiftawa ta na'urar daidaita mota ce, wadda Bosch da Mercedes suka fara sa wa mota a 1995. Tana kama birkin ƙafa ɗaya ne don ta dawo da motar kan layi. Ita ma da riƙon taya take aiki. Ranar nan ta samu ɗan abin da za ta kama ne, ba kullum za ta samu ba. Kuma kada ka taɓa kashe ta a kan titi.

Ka auna da kanka. Ɗauki tsinken ashana, ka tura gindinsa cikin ramin zane, ka sa farce a inda ya yi daidai da saman robar, ka ɗora a kan rula. Yi haka wuri uku: gefen waje, tsakiya, da can ciki. Na cikin nan ne ake mantawa. Ƙafafun baya na motocin gudu ana ɗan kwantar da samansu ciki don su riƙe kwana, saboda haka gefen ciki ke riga cinyewa. Na sha durƙusawa a wajen mai faci in zura hannu bayan tayar da daga waje ba ta da laifi, yatsuna su ji wuri sulɓi kamar bayan ƙwarya, wani lokacin har waya ta fara leƙowa. A cikin ramin kuma akwai wasu 'yan tudu da kamfani ya sa, tsayinsu milimita 1.6, wanda shi ne iyakar doka a Turai. Sabuwar taya tana zuwa da milimita 7 zuwa 8. Kamfanonin taya sun saɓa a kan lokacin canji: Michelin na cewa taya mai kyau a ci ta har 1.6, Continental sun daɗe suna cewa a sauke a 3. Ni a kan mota mai wannan ƙarfi, a titunan da ruwa ke kwanciya bayan kowane hadari, ina tare da masu cewa 3.

Tunda na gabanka wata biyar kawai suka yi, ka nemo biyu irinsu sak, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, ka sa a baya, a duba alaimen a ranar.

Tambaya daga Kaduna: "Malam barka da aiki. Golf R gare ni. Na gaba sun sauka zuwa milimita 3, na baya suna da 5. Kuɗin biyu kawai nake da shi. Mai faci ya ce a sa sababbin a gaba, tunda can sitiyari da inji suke."

Barka kadai. Maganar mai facin ita ce kusan kowa ke yi, kuma tana da daɗin ji, sai dai manyan kamfanonin taya akasinta suke koyarwa, saboda dalilin da na bayyana a sama. Sababbi su tafi baya, na bayan masu milimita 5 su dawo gaba, a sauke masu 3. Golf R yawancin lokaci gaba ke ja, sai an buƙata wani kuloci da ake kira Haldex ya haɗa baya, shi ya sa naka na gaba suka riga cinyewa. Wannan tsari zai sa na gaban su ƙare da wuri, gaskiya ne, amma zamewar gaba kana iya gyara ta da ƙafarka.

Akwai abu na biyu da ya shafi masu ƙafa huɗu kaɗai, wato bambancin girma. Taya mai lamba 225/40 R18 kewayenta kusan mita 2 ne, tana juyawa kusan sau 500 a kilomita ɗaya. Idan ta cinye milimita 5, kewayen ya ragu da kusan milimita 31, sai ta riƙa yin ƙarin juyi 8 a kowace kilomita. A tafiyar kilomita 100, juyi 800 ke nan tsakanin gaba da baya. Abin da ke raba ƙarfi a tsakiyar mota shi ke shanye wannan bambanci, yana ɗaukarsa tamkar wata ƙafa na zamewa, kuloci ya yi ta gugar kansa, mai ya yi zafi. Ba rana ɗaya yake lalacewa ba, amma gyaransa ya ninka kuɗin taya. A taka motar bambancin zai zama milimita 2 zuwa 3, wanda a ganina shi ne bakin iyaka. Da ya wuce haka da na ce ka haƙura ka haɗa kuɗin huɗu. Ka duba littafin motar, domin kowane kamfani da nasa ma'auni, kuma Subaru suna daga cikin masu tsanantawa. Daga yanzu ka riƙa musanya gaba da baya duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, su riƙa cinyewa tare. In akwai alamar kibiya a gefen tayar, ta tsaya a ɓangarenta, kada a ƙetara da ita daga hagu zuwa dama.

Wata baiwar Allah daga Kano ta ce rami ya fasa mata tayar baya ɗaya a Mercedes C43, tana tambaya ko ɗaya za ta saya.

Hajiya, a auna 'yar'uwarta ta ɗaya ɓangaren. In bambancinta da sabuwa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, ɗaya ta isa, muddin iri ɗaya ce sak. In ya wuce, a sayi biyu. Motarki na baya sun fi na gaba faɗi, saboda haka ba a musanya su, kuma kusan kashi 69 na ƙarfi baya yake tafiya. Ki sa rai za ki riƙa canza na baya fiye da na gaba. A duba rim ɗin ma, ramin da ya fasa taya yakan lanƙwasa shi.

Tambaya ta ƙarshe daga Jos: "Yallaɓai, na samu tokunbo guda biyu na babban kamfani, zanensu kamar sababbi, a kan kashi ɗaya bisa uku na kuɗin sabuwa. In sa su a bayan Subaru WRX?"

Na san halin da aljihu ke ciki, kuma tun da Michelin suka rufe masana'antarsu ta Fatakwal a 2007, Dunlop suka bi bayansu a Legas, farashin taya a ƙasar nan yake bin dala. Duk da haka amsata a'a ce, ga wannan mota, ga wannan ƙafa.

Zane ba shi ne kaɗai lafiyar taya ba. Roba tana tsufa ko da ba a hau ta ba, ta bushe ta yi tauri, a ruwa ta riƙa sulɓewa alhali raminta na nan da zurfi. Nemi haruffan DOT a gefen tayar, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, shekara 4 take ba taya daga ranar ƙira, kuma tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin kayan da kwastam ta haramta shigowa da su. Da yawan waɗanda ake kawowa daga Turai na lokacin ƙanƙara ne. Za ka gane su da hoton dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a ciki, da 'yan tsage-tsage masu yawa a kan zanen. Robarsu an yi ta ne don sanyin da bai kai digiri 7 ba. A kan kwaltar watan Afrilu laushi take yi, bayan mota ya riƙa lilo a kwana. Akwai kuma waɗanda suka yi sanƙo aka sake sassaƙa musu zane da wuƙa mai zafi. Duba gindin ramin: in ba ka ga 'yan tudun nan na awo ba, ko ka ga layin bai miƙe ba, ajiye ta. Sannan ba ka san ramin da ta faɗa ko facin da ke cikinta ba sai an juyo cikin an duba.

Ga Subaru kuma akwai matsalar da na ambata: biyu na wani kamfani a baya, biyu na wani a gaba, ko da lambarsu ɗaya, kewayensu kan bambanta.

Abin da zan yi da ni ne: in sauko daga babban suna, in sayi sababbi huɗu na kamfani matsakaici, lambar girma daidai da wadda ke manne a jikin ƙofar direba, harafin gudu bai gaza wanda kamfanin motar ya rubuta ba. V na nufin kilomita 240 a awa, W 270, Y 300, kuma harafin yana nuna yadda tayar ke jure zafi ko da ba ka taɓa kai wannan gudu ba. In akwai rubutun "Temperature" a gefe, nemi mai A. Ranar da za a ɗaura su, ka tsaya a kan mai facin ya sa iskar da takardar ƙofar ta faɗa, ba lambar da ke jikin tayar ba, domin waccan iyakar abin da take ɗauka ce. A yi gejin da safe, kafin tayar ta ɗauki zafi.