Amsa ga Maman Husna kan tazarar haihuwa ga ƙanwarta mai lalurar shan inna

Maman Husna, kin ce ƙanwarki na kan keken guragu, ta haihu kwanan nan, dangi kuma suna so a juya mata mahaifa, wato a yi mata aikin da zai tsayar da haihuwa gaba ɗaya. Don Allah kada a yanke wannan a bayan idonta. Shan inna ƙafa ya taɓa, hankalinta lafiya lau, kuma aikin nan in an yi shi da wuya a dawo da shi. Ita da mijinta ke da magana.

In hutu take so, akwai ashana ta dantse, wato ɗan siririn maganin tazarar haihuwa da ake sakawa a ƙarƙashin fata: Implanon shekara 3, Jadelle shekara 5, ana cirewa duk ranar da ta so, kuma mai shayarwa na iya sakawa. Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estrogen ce zan ce ta yi hattara da ita, domin tana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, mai yawan zama kuwa dama tana da wannan haɗarin. Allurar wata 3 kuma tana ɗan rage ƙarfin ƙashi, ta faɗa wa likita halin ƙafafunta kafin a yi mata.

Ki raka ta asibiti, amma ki bar ta ta yi bayani da bakinta. Dokar Nijeriya da aka sa wa hannu a 2019 ta haramta nuna wa masu nakasa wariya, har a asibiti. Allah Ya raya jariri.