Ka fara da na'urar awon jini, manhaja ta biyo baya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka haura shekara 40, a zaune kake wuni a ofis, kuma hawan jini ya kwantar da mahaifinku har ɓarin jikinsa ya shanye, shi ne kake neman manhajar da za ta taimake ka kauce wa ciwon zuciya. Allah ya ba Baba lafiya. Shekara huɗu ke nan ina fama da wannan lamari, bari in faɗa maka abin da na gani.

Abin da ya fara ruɗa ni shi ne irin manhajar nan da ake ɗora yatsa a kan kamara, wai ta auna hawan jini. Wata biyu tana ba ni 120/80, ni kuma ba na jin ciwon komai, sai na saki jiki. Ranar da na kai yarinyata asibiti na roƙi nas ta gwada ni, sai ga 158/100. Kamara za ta iya ƙirga bugun zuciya, amma hawan jini ya fi ƙarfinta. Ka sayi na'urar da ake ɗaurawa a damtse. Ka zauna ka huta minti 5, ka jingina bayanka, hannu a kan tebur daidai ƙirji, kada ka sha kofi ko sigari ko ka ci goro rabin awa kafin nan. Safe da dare kake aunawa, ka shigar da lambobin cikin manhajar Samsung Health ko Health ta iPhone. Nan ne wayar take da amfani: idan ka je wurin likita da awon mako biyu a jere, ba zai yi maka hukunci da awo ɗaya na ranar da ka sha rana a layi ba. Idan lambar tana kai 140/90 a ranaku daban-daban, kada ka tsaya jira.

Ƙirga taku ma ya buɗe min ido. Ina ganin kaina mai zirga-zirga, ashe ko 2,500 ba na kaiwa. Sai dai ka kula, idan adaidaita sahu ta shiga gargada da kai, wayar kan ƙara maka takun da ba ka yi ba. Kada maganar nan ta cewa sai ka yi taku 10,000 a rana ta karya maka gwiwa. Daga tallar wata na'ura a Japan ta samo asali, a shekarun 1960. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici. Ni bayan sallar asuba nake zagaya unguwa da sauri na rabin awa, kwana biyar a mako, La'asar kuma nakan taka zuwa masallacin da ya fi nisa da ofis.

Manhajojin abinci kam na haƙura da su, waɗanda na gwada ba su san tuwo da miyar kuka ba. Gishiri kawai nake sa wa ido: ƙasa da giram 5 a rana, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule, yajin tsire da taliyar leda. Uwargida ta riƙa rage dunƙule kaɗan-kaɗan, yanzu ko yaran ba sa ƙorafi.

In an ɗora ka a kan magani, ka saita ƙararrawar waya ta riƙa tuna maka, kuma kada ka daina sha don ka ga lamba ta sauka, maganin ne ya saukar da ita. Kafin azumi ka tambayi likita yadda za ka sauya lokacin sha.

Ranar da ka ji ƙirji ya danne, ciwon yana sauka hannun hagu ko haɓa, ga gumi, ko baki ya karkace magana ta sarƙe, ka ajiye wayar, a kai ka asibiti nan take.